Rijiya Ɗaya, Unguwa Biyu: Da Wane Ma'auni Za A Auna Amfanin Jama'a?

Bayan ƙaramar Sallah ne ma'ajin ƙungiyar garinmu ya karanta abin da ke asusu a ƙofar gidan Dagaci. Karo-karon shekara biyu, da abin da 'yan ci-rani suka aiko daga Legas da Fatakwal, da gudummawar 'ya'yan gari masu aiki a Dutse da Kano, in an haɗa su duka za su haƙa rijiyar burtsatse ɗaya mai sola da tanki. Ɗaya tak. Ni ne sakatare, biro na hannuna tun hantsi, amma har aka kira azahar ban rubuta komai ba, don ba a tsayar da komai ba.

Wuri biyu ake ja a kai. Na farko bakin kasuwa, inda gari ya fi cika. Akwai tuƙa-tuƙa biyu a can, ɗaya ta lalace, ɗayar kuma jarkoki jere a gabanta tun asuba. Na biyu unguwar bayan tudu, gidaje kaɗan ne da rugar Fulani a gefensu. Su da zarar bazara ta kama rijiyarsu ta ƙafe, sai kududdufi ko doguwar tafiya da jaki. Wani matashinmu da bai daɗe da gama jami'a ba ya ce, "Ranka ya daɗe, ai maganar ba ta da wuya. A ƙirga mutane kawai. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi." Ardo bai tanka ba, ya dai gyara riƙon sandarsa.

Irin wannan gardamar babu garin da ba a yin ta: wa za a ba taki, ina za a sa kwalbati, wace unguwa za a kai taransifoma, ta gonar wa hanya za ta bi. Mutane suna zaton rigimar son kai ce kawai, kuma sau da yawa hakan ne. Amma ko kowa a wurin ya cire son ransa, gardamar ba za ta mutu ba, domin ma'aunin da ke kan kowa daban ne. Na rubuta wannan ne don masu riƙe da biro irina, sakatarorin ƙungiya da masu unguwanni da kansiloli, su san ma'aunin da suke ɗauka da inda yake yanka.

Ma'aunin ƙirga

Abin da matashin nan ya faɗa yana da dogon tarihi a falsafa. Turawa suna ce masa yutilitariyanizim, mu kira shi aƙidar yawan amfani. Wanda ya tsara ta wani masanin doka ne na Ingila, Jeremy Bentham, an haife shi 1748 ya mutu 1832. A littafinsa na 1789 ya ce ɗan Adam abu biyu ke juya shi, daɗi da wahala, don haka kowace doka da kowane aiki a auna shi da tambaya ɗaya: zai ƙara jimillar jin daɗin jama'a ko zai rage? Wanda ya fi ƙarawa shi ne daidai. Mutumin bai ɗauki abin da wasa ba, har wasiyya ya bari a yi wa ɗaliban likitanci darasi da gawarsa don kada ta tafi a banza, kuma ƙwarangwal ɗinsa sanye da tufafinsa yana nan a wata jami'a a Landan har yau.

Kafin a yi masa dariya a lura da abin da ya rusa. A wannan ma'auni kowa ɗaya ne, babu wanda ya wuce ɗaya. Ƙishirwar ɗan Dagaci da ta ɗan maƙeri nauyinsu guda. Duk wanda ya taɓa ganin an haƙa rijiyar gwamnati a ƙofar gidan wani babba, nesa da inda mutane suke, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ƙirga yana tilasta wa mai yanke hukunci ya buɗe hannunsa, ya faɗi mutum nawa, ya faɗi me za su samu. "Haka muka ga ya dace" ba ta wadatarwa.

Sai dai matashinmu rabin darasin ya ɗauko. Bentham bai ce a ƙirga kawuna a tashi ba. Abu bakwai ya ce a duba: tsananin daɗin ko wahalar, daɗewarsa, tabbacin zai faru, kusancinsa, ko zai haifi wani alherin, ko yana tafe da wahala a bayansa, sannan yawan waɗanda zai shafa. Yawa shi ne na ƙarshe a jerin. To mu gwada da ruwanmu. A ce gida 300 ne a kewayen kasuwa, sabuwar rijiya za ta rage wa kowane gida minti 15 na tsayuwar layi a rana. Minti 4,500 ke nan, awa 75. A ce kuma gida 40 ne a bayan tudu har da ruga, kowane gida za a ɗauke masa tafiyar awa biyu da rabi. Minti 6,000, awa 100. Tun ba a zo kan amai da gudawa da tsargiya da ruwan kududdufi ke jawowa ba, tun ba a ƙirga yarinyar da ke rasa ajin safe saboda ɗiban ruwa ba, lissafin da kansa ya koma wajen marasa yawa. Wannan shi ne abin da na fi so a san shi game da ma'aunin nan: in an yi shi da gaskiya, sau da yawa talaka yake bi, saboda abu kaɗan a hannun wanda ba shi da komai ya fi abu ɗin nan nauyi a hannun mai shi. Bentham da kansa ya lura da haka game da kuɗi. Kwanon gero a gidan da aka kwana da yunwa ba daidai yake da kwanon gero a gidan mai rumbu uku ba.

Amma a sauya lamba ɗaya. A ce gidajen bayan tudu 25 ne. Awa 62 da rabi ke nan, kasuwa ta rinjaye su. Wahalar kowace mace a can ba ta ragu da taku ɗaya ba, jakin nan dai shi ne, tudun nan dai shi ne, amma yanzu ma'auni ya ce su haƙura, don maƙwabtansu ba su kai yawan da ake so ba. Kuma badi in an sake samun kuɗi aka sake ƙirgawa, za su sake faɗuwa, haka shekara mai bi mata. Wanda yake kaɗan bana kaɗan ne badi.

Tarihin aƙidar a ƙasarta ya nuna fuskokin nan biyu a jikin mutum ɗaya. Edwin Chadwick ya yi wa Bentham sakatare a ƙarshen rayuwarsa. Shi ne ya fitar da rahoton 1842 kan ƙazantar unguwannin ma'aikata, ya nuna cewa jawo ruwa mai tsabta da gina magudanai ya fi araha bisa ciyar da zawarawa da marayun da cuta ke bari, aka kai ga dokar lafiyar jama'a ta 1848. Rayuka da yawa sun tsira ta nan. Shi ɗin dai yana cikin waɗanda suka tsara dokar talakawa ta 1834, wadda ta ce duk mai neman tallafi sai ya shiga gidan aiki, a raba miji da mata, a raba uwa da 'ya'ya, a kuma tabbatar zaman ciki ya fi rayuwar mafi talaucin lebura a waje ƙunci, don kada mutane su yi sha'awar shiga. A takarda kuɗin haraji ya ragu, jimilla ta yi kyau.

John Stuart Mill, wanda mahaifinsa abokin Bentham ne kuma ya tashi cikin wannan karatu tun yana yaro, ya ga ramin ya yi ƙoƙarin cike shi. Ya ce daɗi iri-iri ne, na ilimi da mutunci ya fi na ciki daraja. A littafinsa na 1859 kan 'yanci ya yi gargaɗi kan zaluncin masu rinjaye, ya ce ba a tauye wa mutum 'yancinsa sai don hana shi cutar da wani. Da ya shiga majalisa ya kawo shawara a 1867 a ba mata ƙuri'a, ya samu goyon bayan mutum 73, aka kayar da shi. Daga tunaninsa ne wasu suka fitar da gyara mai amfani: kada a auna kowane aiki shi kaɗai, a auna ƙa'idar. Ƙwace gonar mutum ɗaya yau zai iya amfanar gari, amma garin da kowa ya san ana iya ƙwace tasa ba wanda zai dasa mangwaro. Gyaran yana da ƙarfi. Sai dai shi Mill ɗin ya shekara 35 yana aiki da kamfanin da ke mulkin Indiya, kuma a rubutun nan nasa na 'yanci ya ce mulkin danniya halal ne a kan al'ummar da yake gani ba ta waye ba, muddin don gyara ta ake yi. Mu da aka yi wa mulkin mallaka da irin wannan hujja, bai kamata mu karanta shi ido rufe ba.

Abin da kogi ya koya mana

Ba sai mun je Ingila ba. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka fara zamanin Gwamna Audu Bako, sannan ta Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992. Duk wanda ya bi hanyar Kadawa da Kura da Garun Malam da rani ya ga shinkafa da tumatir da alkama kore shar, ya ga motoci suna lodi, ya san an amfana. Birnin Kano ma daga waɗannan koguna yake sha. In aka ce a ƙirga, miliyoyi ne. Ba mai hankalin da zai ce da ma ba a yi ba.

To amma ruwan nan da aka tare, da can yana da inda yake zuwa. Yakan sauka da damina ya malale fadamun Haɗejiya da Kirikasamma da Guri har Nguru da Gashuwa, ya ja baya ya bar danshi. A kan wannan malala da janyewa mutane suka gina rayuwa: shinkafar fadama, wake da masara bayan ruwa ya ja, su, kiwon rani. Da aka tare, malalar ta ragu, ruwan da ake saki kuma ya koma gudu kaɗan-kaɗan rani da damina, yanayin da ciyawar kachala ke so. Ta cika hanyoyin ruwa ta toshe su, wani wuri ya bushe, wani ya nutse ya ƙi janyewa, tsuntsayen jan-baki suka samu mazauni a cikinta suna fitowa su ci hatsi. A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokan aikinsa suka zauna suka yi lissafin da ba a yi ba tun farko. Suka haɗa noman fadama da kifi da itacen girki, suka gano cewa in ruwan za a auna, abin da fadamar ke fitarwa da shi ya fi abin da aikin noman ranin sama ke fitarwa da ruwa daidai shi.

Mai kare Bentham zai ce, to ai kun gani, laifin mai ƙirga ne, ma'auni lafiyarsa ƙalau, da ƙirga ne ma aka gano kuskuren. Gaskiya ya faɗa. Amma ni abin da ke damuna shi ne kuskuren kullum gefe ɗaya yake faɗawa. Buhun shinkafar Kura yana shiga kasuwa, yana da farashi, jami'i yana iya rubuta shi. Kifin da masunci ya kama a Guri aka ci a gida, da ciyawar da saniya ta ci, ba su da rasit. Wanda ke ƙirga a ofis yake, abin da ke zuwa teburinsa shi yake gani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba kasafai ake kiransa wurin lissafi ba. A Bakolori, kusa da Talatar Mafara, manoman da aka karɓe wa gonaki don madatsar ruwa suka tare hanyoyi suna neman diyya, a watan Afrilun 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka kashe mutane da dama. Shi ma aikin don amfanin jama'a aka ce an yi shi.

Ko cire tallafin man fetur da aka sanar ranar 29 ga Mayun 2023, hujjarsa irin wannan ce: kuɗin zai fi amfanar mutane da yawa in an kai shi wani wuri. Ana iya gardama kan ko lissafin daidai ne. Abin da mu muka gani da ido shi ne mai injin ban-ruwa a fadama shi ya fara biya, kuma dalilin da ya sa ma muka dage rijiyarmu ta zama mai sola ke nan.

Ma'aunin haƙƙi

Ɗaya ɓangaren ya fara ne daga wani wuri daban: akwai abin da ba a yi wa mutum, komai yawan waɗanda za su ji daɗi. Immanuel Kant na Jamus, wanda ya mutu 1804, ya ce kada ka mayar da ɗan Adam makami kawai na biyan buƙatarka. Amma wanda ya fi taɓa maganar rabon rijiya shi ne John Rawls na Amurka, a littafinsa na 1971 kan adalci. Sukarsa ga su Bentham ita ce sun ɗauki al'umma kamar mutum ɗaya. Ni zan iya jure wahalar noma yau don in ci gobe, saboda ni na sha wahalar ni zan ci. Amma in Ardo ne zai sha wahalar, mai shago a kasuwa ya ci, ba za a haɗa su a ce an ci riba ba. Jiki biyu ne.

Shawararsa duk wanda ya taɓa shiga watanda ya san ta. Ana yanka sa, a kasa nama kashi-kashi, ba wanda ya san wanne ne nasa sai an gama kasawa. Shi ya sa mai kasawa ba ya tara ƙashi a kashi ɗaya, don yana iya zama nasa. Rawls ya ce a tsara dokokin gari haka: ka zaɓa kamar ba ka san ko a bakin kasuwa za a haife ka ko a bayan tudu ba, namiji ko mace, mai gona ko ɗan ƙwadago. Ya ce mai hankali a wannan hali zai fara kare 'yancin kowa, sannan ba zai yarda da wani fifiko ba sai wanda zai ɗaga na can ƙasa. Da wannan ma'auni ko gidajen bayan tudu 25 ne, ko 10, su za a fara dubawa. Jihar Jigawa ta taɓa yin abu mai wannan ruhi a 2007, zamanin Gwamna Sule Lamiɗo, da ta fara biyan masu buƙata ta musamman naira 7,000 a wata. Da ƙirga zalla aka bi, wani zai ce kuɗin nan a zuba shi a rijiyoyi ya fi taɓa mutane.

Shi ma yana da tsadarsa, kuma masu son sa ba sa son faɗa. In kullum na ƙasa za a fara bi komai kuɗin da zai ci, ana iya kashe kuɗin rijiya uku don kai ruwa gida biyar a kan dutse. Sannan da an ce "mafi rauni za a ba", gari duka ya zama mai rauni. Wanda ya taɓa rubuta sunayen masu karɓar tallafi ya san yadda mai shanu ke zuwa da yagaggiyar riga. Kalmar haƙƙi kuma tana daɗi a bakin mai taurin kai. Mutum ɗaya ya ce ba za a taɓa katangarsa ba, magudana ta tsaya, damina ta zo ta ci gidaje goma. Ma'aunin haƙƙi ya iya cewa "kada", bai iya cewa "nawa" ba. In kuɗi bai isa ba kuma kowa na da haƙƙi, dole ka koma ka ƙirga.

Abin da Liman ya kawo

Da aka dawo daga sallah Dagaci ya juya ya ce, "Allah gafarta Malam, ba mu ji ta bakinka ba." Liman ya ce shi tambaya ɗaya gare shi: a cikin biyun, su wa ke neman sauƙi, su wa ke neman rai?

Tambayar daga cikin fiƙihu ta fito. Malamanmu sun daɗe da babin maslaha, mazhabar Malikiyya da muke bi ta ma fi sauran faɗaɗa shi. Imam Gazali, wanda ya rasu 1111, ya ce manufar shari'a kare abu biyar ce: addini, rai, hankali, zuri'a, dukiya. Imam Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu 1388, ya shimfiɗa bayanin matakai uku: larura, wadda in babu ita rayuwa ta lalace, buƙata, wadda in babu ita a sha ƙunci, da kyautatawa. Na sama yana gaban na ƙasa. Rage layi buƙata ce. Raba yara da ruwan kududdufi larura ce. Ba a tara buƙatu ɗari uku a ce sun rinjayi larura arba'in, don ba a mudu ɗaya ake auna su ba. Ga kuma ƙa'idar da ɗalibai ke haddacewa, cewa tunkuɗe ɓarna yana gaban jawo amfani, da hadisi na 32 a Arba'una: babu cuta, babu cutarwa. Game da ruga kuwa, Liman ya tuna mana hadisin da ya ce mutane suna tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta.

Na ji wasu 'yan boko suna cewa ai maslaha ita ce aƙidar Bentham da rawani. Ba haka ba ne. Shi Bentham daɗi da wahala ne alƙalinsa na ƙarshe, babu wani abu a samansu. A wajen malamai shari'a ce ke faɗin abin da ake kira amfani, kuma maslaha ba ta tsallake nassi. Gazali ya kawo misalin da ya raba su sarai: mutane a jirgin ruwa, in sun jefa ɗaya a ruwa sauran za su tsira, in ba su jefa ba duk su nutse. Ya ce bai halatta a jefa shi ba. Yawa kaɗai bai isa ya halatta jinin wanda bai yi laifi ba. Mai ƙirga zalla zai sha wuya kafin ya ba da wannan amsa.

Amma maslaha ba ta ce dukiyar mutum ɗaya ta tsayar da jama'a har abada ba. Da Sayyidina Umar zai faɗaɗa masallacin Makka ya sayi gidajen kewaye, waɗanda suka ƙi sayarwa aka rushe, aka ajiye musu kuɗinsu har suka zo suka karɓa. An ɗauka, amma an biya. Raunin wannan ma'auni a wajenmu ba a littafi yake ba, a baki yake. Kalmar "maslaha" ta zama bargon da ake lulluɓe duk abin da manya suka riga suka shirya, a ce wa wanda aka danne ya yi haƙuri don zaman lafiya. Kuma in larura biyu suka haɗu, wannan unguwa ba ruwa waccan ma ba ruwa, ita ma sai ta ce maka ka duba wadda cutarta ta fi girma, wato ka ƙirga.

To wanne za a ɗauka?

Ga yadda nake gani bayan shekarun da na yi ina rubuta bayanan taro. In abin da ke gabanku rabon alheri ne, ba wanda za a karɓe wa nasa, kuma buƙatun mataki ɗaya ne, ku ƙirga. Babu abin da ya fi shi kashe son kai. Amma ku ƙirga awa da cuta da nisa, kada ku tsaya a kawuna, kuma a yi lissafin a gaban waɗanda za su faɗi, su faɗi nasu da bakinsu. Matan da ke ɗiban ruwan ba sa zama a ƙofar gidan Dagaci, sai an aika an tambaye su. Mu sai da muka tura malamar asibitin sha-ka-tafi ta zaga gidaje kafin muka san cewa tafiyar bayan tudu sau biyu ake yin ta a rana, ba sau ɗaya ba kamar yadda mazan suka faɗa.

In buƙatun ba mataki ɗaya ba ne, tambayar Liman ce gaba da lissafi. In kuma unguwa ɗaya ce ke faɗuwa a kowane ƙirga shekara da shekaru, ku ajiye biro ku yi watanda, ku sa a rubuce cewa bana nan, badi can.

Inda ban yarda a bar ƙirga shi kaɗai ba shi ne inda za a ɗauki abin wani. A nan ya fi kowane ma'auni haɗari, saboda amsarsa kullum a shirye take: su da yawa ne, kai ɗaya ne. Dokar ƙasa ma ba za ta cece ku daga zalunci ba. Dokar mallakar filaye ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar da ta tanada kuma ta abin da ke kan filin ce, amfanin gona da itatuwa da gini, ba ta ƙasar kanta ba. Manomi na iya karɓar kuɗin geron shekara ɗaya ya rasa gonar kakanninsa, kuma a ce an bi doka.

Mu ma sai da wannan ta same mu. An tsayar da bayan tudu, aka kira mai na'urar auna ruwa, ya zaga ya zaga ya kafa turke a tsakiyar gayaunar wata tsohuwa da mijinta ya rasu ya bar ta da jikoki marayu. A nan take shuka kuɓewa da yakuwa da ɗan gyaɗa. Nan take waɗanda jiya suke kukan an raina su don su kaɗan ne suka fara cewa ai taku goma ne kawai, gida arba'in za su sha, ta yi haƙuri. Matashin nan mai "sarkin yawa" shi ne ya ce a'a, a je a tambaye ta. Muka je mu uku da Mai unguwa. Ya durƙusa ya ce, "Iya, ruwa ya faɗo a gonarki, mun zo neman alfarma." Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce ba taku goma ba ne, don inda aka kafa famfo shanu da yara za su tattake kewayen duka, gayaunar ta tashi daga aiki. Ba wanda ya yi wannan lissafin a cikinmu. Ta ce a ba ta wani fili mai girman nata kusa da gida, kuma gidanta ba zai biya kuɗin jarka ba muddin rijiyar na aiki. Dagaci ya yanka mata daga filin gari, aka rubuta, Liman da Ardo suka sa hannu.

Ragowar kuɗin ya gyara tuƙa-tuƙar kasuwa da ta lalace, layi ya ɗan ragu, bai ƙare ba. Mutanen kasuwa kuwa, waɗanda su ne suka fi zuba karo-karon tun farko, wasunsu sun janye hannu bana, suna cewa sun tara wasu sun sha. Ma'aji ya ce abin da ya shigo bai kai na bara ba. Bayan Sallah za a sake zama, batun kwalbati ne, kuma hanyar ruwan ta bayan shagon ɗaya daga cikinsu ta bi.